Darasi na Bakwai: Horar da Kare ta Hanyar Lada

Kare yakan maimaita abin da ya jawo masa daɗi, ya watsar da abin da bai tsinana masa komai ba. A kan wannan masana halayyar karnuka suka gina aikinsu. Wasunsu likitocin dabbobi ne da suka ƙaro karatu, wasu kuma halayyar dabbobi suka karanta tun farko. In aka kai musu kare mai cizo, sukan fara da tambaya: yaushe yake yi, a ina, wa yake yi wa? Sai a duba lafiyarsa, domin ciwon kunne ko na haƙori kan mayar da kare mai haƙuri mafaɗaci.

Ilimin yana da tushe. Ivan Pavlov, ɗan ƙasar Rasha wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904, ya lura cewa karnukansa na dalalar da miyau tun abinci bai iso ba, da zarar sun ga mai kawo shi. Daga baya B.F. Skinner a Amurka ya nuna da ɓeraye da tantabaru cewa aikin da lada ya biyo bayansa shi ke yawaita. Karen Pryor kuwa dabbar teku da ake kira dolfin ta horar a Hawai a shekarun 1960. Dolfin ba ya ɗauruwa da igiya, ba ya dukuwa da sanda, in ya ga dama sai ya nutse abinsa. Usur da kifi kawai ta yi aiki da su, kuma tana cikin waɗanda suka yaɗa wannan hanya ga masu karnuka.

Ga yadda za ka koya wa karenka zama. Yanka nama ƙanana-ƙanana, ka nemi wurin da babu hayaniya. Riƙe yanka ɗaya dab da hancinsa, sannan ka ɗaga hannu a hankali zuwa saman kansa. Zai bi da hanci, kansa ya yi sama, ƙugunsa ya yi ƙasa. Yana taɓa ƙasa ka ce "yauwa!" ka ba shi. In ya fara yi da sauƙi, sai ka riƙa cewa "zauna" kafin ka ɗaga hannun.

Lokaci shi ne komai a nan. Ladan ya zo cikin sakan ɗaya ko biyu. In ka tsaya laluben aljihu har ya miƙe, to miƙewar ka biya, ba zaman ba. Shi ya sa ake cewa "yauwa": tana shaida masa ainihin abin da ya yi daidai kafin naman ya kai bakinsa. Minti biyar sun isa horo guda. Ya ƙware, sai ka rage naman, wani lokaci shafa ko wasa ya wadatar.

To, in ya yi abin da ba ka so fa? A ce yana daka wa mutane tsalle. Tsawa da ture shi duk kulawa ce a wurinsa, ita kuwa yake nema. Juya masa baya, ka yi shiru. Ƙafafunsa huɗu na sauka ƙasa, ka juyo ka yabe shi.

Wasu na cewa sai an nuna wa kare ƙarfi, wai haka kyarketai suke yi. Amma masanin kyarketai David Mech ya rubuta a 1999 cewa garkensu a daji iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya. Dukan kare dai tsoro yake koyarwa, ba ya nuna wa kare abin da ake so ya yi. Mafi haɗari shi ne dukan kare don ya yi gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Ka hana shi, gobe sai ya kai cizo ba sanarwa.

Aikin gida: rubuta umarni uku da kake so karenka ya sani. Zaɓi ɗaya, ka gwada shi tsawon mako guda, ka rubuta abin da ka gani kowace rana.