Babi na Bakwai: Ƙodar Dattijo da Sinadarin Seleniyam

Darasi na 1: Aikin ƙoda

Iyayena maza da mata, ku buɗe littafi, kowa ya ɗora yatsa a layin farko. Ba sauri muke ba.

Ƙoda biyu ce a jikin mutum, ta baya, ƙasa da haƙarƙari. Aikinta tace jini, kamar yadda Inna ke tace gasara da rariya, dattin ya bi fitsari ya fita. In shekaru suka ja, tacewar takan ragu. Raunin da ya wuce wata 3 shi likita ke kira ciwon ƙoda mai daɗewa. Hawan jini da ciwon suga ne kan gaba wajen kawo shi, kuma yakan daɗe yana cin mutum bai sani ba.

Darasi na 2: Seleniyam

Sinadari ne da ke cikin ƙasar noma. Gero da dawa su tsotsa, kaza ta ci hatsin, mu ci kazar. Da shi jiki ke haɗa wasu abubuwan da ke kare shi daga lalacewa, kuma ɗaya daga cikinsu, mai yawo a jini, ƙoda ce ke yin mafi yawansa. Masu ciwon ƙoda, musamman masu zuwa wankin ƙoda, akan tarar nasu ya yi ƙasa. Wannan bai mayar da shi maganin ciwon ba. Babban mutum maikirogiram 55 (wani ɗan ƙanƙanin awo ne) kawai yake buƙata a rana, kuma in ya zarce 400 ya shiga haɗari.

Darasi na 3: Karanta kwalba

Nan kuke tuntuɓe, don haka nan za mu zauna.

Wani ɗanku zai sayo kwalbar ƙwaya daga kemis, ya ce ta ƙarin lafiya ce. Juya bayanta. Nemi kalma mai farawa da S: Selenium. Bi layin da yatsa zuwa dama, hannun cin abinci. Za ka ga lamba, bayan lambar akwai ƙananan baƙaƙe. Su muke nema.

mcg baƙi uku ne: m, c, g. Shi ne maikirogiram.
mg baƙi biyu ne: m, g. Shi ne miligiram.

Ƙirga da baki: ɗaya, biyu, uku. In akwai c a tsakiya, ƙaramin awo ne. In babu c, babba ne, domin mg 1 daidai yake da mcg 1,000. Sake karantawa. Dubu ne, Baba, ba goma ba.

Ɗauki alli. Rubuta 55 mcg. Ja layi a ƙarƙashin c. Goge, sake rubutawa. Inna, kada ki ji kunya in hannu ya yi rawa, duk wanda ya iya da haka ya fara. Yanzu rubuta 55 mg a gefe, ki dubi biyun. Lambar ɗaya ce, amma na biyun ya ninka na farko sau dubu. Madalla.

Gwaji: kwalba ta ce 200 mcg a ƙwaya ɗaya. Baƙi nawa? Uku. Ya fi 55? Ya fi. In ka sha biyu? 400, ka kai bakin iyaka, ga kuma na cikin abinci.

To, masu cewa "jikana zai karanta mini", ku ji da kyau. Jikan yana makaranta, kwalbar tana ƙarƙashin matashinka, kai ke haɗiya. Mutum ya iya ƙirga kuɗin rago a kasuwar Mai'aduwa ba a cuce shi ko naira ɗaya ba, amma baƙi uku su gagare shi? Lalaci ne, kuma ba zan ɓoye muku ba. Seleniyam in ya yi yawa gashi yakan zube, farce ya riƙa karyewa, baki ya yi warin tafarnuwa. Mai ciwon ƙoda kada ya sha ƙwayar sai likita ya rubuta, komai daɗin bakin mai tallan magani da lasifika.

Koma kan allo. Nemi c ɗin. Rubuta mcg sau biyar kafin ka juya shafi.

Darasi na 4: Abinci

Ana samun seleniyam a kifi, ɗanye ko banda, ƙwai, hanta, naman kaza. Ƙwan kaza ɗaya na da kusan mcg 15. Da damina ga ƙwan zabi. Wanda aka riga aka ce ƙodarsa ta taɓu, ya tambayi likita yawan naman da zai ci, ya rage gishiri da dunƙule.

Darasi na 5: Awo

In ƙafa na kumbura ko fitsari na kumfa, je babban asibiti a auna jini da fitsari. Tafi da kwalbar a aljihu. Rage shan maganin ciwon jiki barkatai.

Aikin gida: kowa ya zo da tsohuwar kwalbar magani gobe.