Yadda Ake Shawo Kan Tsoron Mutuwa da Rashin Barci Bayan Maganar Mai Duba

Mai bugun ƙasa ya ce ba za ka ga ƙarshen shekara ba, ko wata mai lissafin taurari a TikTok ta ce masu tauraronka su shirya. Da rana hidima ta ɗauke maka hankali. Da dare kuwa, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kana jin bugun zuciyarka cikin kunne har ladan ya kira assalatu. Wannan wahala ce ta gaske, kuma tana da magani.

Mataki na farko, toshe hanyar da maganar ke shigowa. Daina bin shafukan, goge bidiyon, kuma kada ka je wajen wani mai duban don ya warware na farko. Nan mutane suka fi faɗawa. Kowace tambaya tana ba ka sauƙi na awa ɗaya ko biyu, sannan ta koya wa ƙwaƙwalwa cewa lallai akwai haɗari, tsoron ya dawo da ƙarfi. Haka taɓa jijiyar hannu don ƙirga bugun zuciya, da yawan tambayar iyali "kana ganin lafiyata ƙalau?"

Na biyu, auna maganar da rana tsaka, ba a kan gado ba. A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya da ya tsinto daga littafin taurari, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai. Suka ba bayanin maki kusan 4.3 cikin 5 wajen dacewa da halinsu. Ana ɗinka maganar ne yadda za ta shiga kowa. Ga musulmi, aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta yanke zancen: babu rai da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Rubuta wannan a takarda da hannunka. Ware minti 15 bayan la'asar, ka zauna ka rubuta duk abin da ke tsorata ka. In tunanin ya zo da dare, ce masa lokacinsa gobe ne.

Na uku, gyaran barcin kansa. Tashi lokaci guda kullum, ko da awa uku ka samu. Asuba ta isa ma'auni. Ƙailula kada ta wuce minti 20. Shayi, Nescafé da goro su tsaya daga azahar, domin rabin sinadarin da ke hana barci yana nan cikin jini bayan kamar awa biyar. Wayar ta kwana a falo.

In ka kwanta kusan minti 20 ido biyu, tashi. Zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka yi azkar, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ko addu'ar da ka saba, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Juye-juye a kan katifa yana sa jiki ya haɗa gado da fargaba.

In faɗuwar gaba ta taso, ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, sake shi a hankali kana ƙirga shida, na minti biyar. Irin wannan firgici kan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya sauka. Amma ciwon ƙirji mai danna mutum, da gumi, yana sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan na asibiti ne nan take.

Kada ka sayi ƙwayar sa barci irin diazepam a kemis ba da takardar likita ba. Jiki na sabawa da shi, kuma ranar da ka daina rashin barcin ya fi na da.

In an yi mako biyu zuwa uku ba sauƙi, ko abin ya hana ka fita kasuwa ko aiki, je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko ka fara da likita a asibitin Barau Dikko. Zuwa Barnawa ba hauka ba ne. Damuwa da rashin barci suna cikin abin da suke gani kullum. In har tunanin kashe kai ya shigo, faɗa wa na kusa da kai a daren, ya raka ka asibiti.