Yadda ake zaɓa tsakanin wasiƙar imel da shafin intanet don tara masu karatu

Ƙanwata tana rubuta farashin kayan gwari na kasuwar Farin Gada a nan Jos. Shekara biyu ke nan tana zubawa a Facebook, har ta gaji da ganin rubutun da ta sha rana a kansa ya nutse kafin magariba. Ranar Juma'a ta tare ni da tambaya: "Yaya, in buɗe shafina ne, ko in riƙa tura wa mutane wasiƙa ta imel?" Ga hanyar da muka bi.

Da farko, ɗauko rubuce-rubucenka goma na baya-bayan nan ka kasa su gida biyu. Akwai rubutun da yake kamar ɗanyen tumatir, kwana uku ya ruɓe. Akwai wanda yake kamar kauɗa, ya shekara a buhu bai yi komai ba. Farashin buhun dankalin Turawa daga Bokkos ko Mangu ɗanyen tumatir ne, dole ya isa hannun mai saye yau, don haka wasiƙa ta fi dacewa da shi. Bayanin yadda ake adana dankali kada ya tsiro kuwa kauɗa ne, baɗi ma za a neme shi, to wurinsa shafi. Gidan da ya fi yawa, shi ne ya kamata ka fara da shi.

Na biyu, kuma nan ne mutanenmu suka fi yin tuntuɓe: gwada ko masu karatunka suna buɗe imel. Kusan duk mai wayar Android yana da adireshin Gmail, amma da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saya, ko kalmar sirrin ba su riƙe ba. Nemi mutum talatin da suka yarda, ka tura musu wasiƙa ɗaya mai ɗauke da tambaya a ƙarshe, ka ƙirga waɗanda suka amsa. Kada ka dogara da alƙaluman waɗanda aka ce sun buɗe, domin tun 2021 tsarin sirri na Apple yake sa wasiƙa ta nuna an buɗe ta ko ba a karanta ba. Ka kuma roƙe su su leƙa ɓangaren tallace-tallace na Gmail, can wasiƙu da yawa suke kwana. Idan ma'aikata ne, ɗaliban Jami'ar Jos ko masu otel, za ka ji motsi. Idan dillalan kasuwa ne kuma ka ji shiru, to buɗe tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ka bar imel tukuna.

Na uku, tambayi kanka daga ina baƙi za su zo. Wasiƙa tana riƙe wanda ya riga ya san ka, amma ba ta cika kawo baƙo ba sai wani ya tura masa. Shafi shi ne rumfar bakin titi, Google ke turo masu wucewa. A nan ni ina da ra'ayi mai ƙarfi: mai rubutu da Hausa bai kamata ya rasa shafi ba. Tambayoyi da yawa na noma, girki da kasuwanci har yanzu ba su da amsa mai gamsarwa da Hausa a intanet, filin a buɗe yake. Sai dai ka yi haƙurin watanni kafin a fara samun ka. Ka tuna kuma yawancin masu bincike ba sa sa ƙugiya a harafi, "kasa" suke bugawa ko ƙasa suke nufi. Haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka ainihin kalmomin da aka buga aka iso gare ka.

Na huɗu, duba abin da zai rage a hannunka idan aka rufe ƙofa. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya. Ranar 4 ga Oktoban 2021 kuma Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida. Adireshin imel na masu karatunka kana iya sauke su ka ajiye a kwamfuta, ka koma wani kamfani da su. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng ma naka ne muddin kana sabunta rajistarsa.

Kada ka sayi adireshin mutane, kada ka kwaso daga rukunin WhatsApp na unguwa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum 'yancin ƙin saƙon talla, don haka nemi izini, ka bar masa hanyar fita a ƙasan kowace wasiƙa.

Kayan aiki ba su da wahala. A manhajojin buɗe shafi, Blogger kyauta ne, WordPress ya fi faɗi. Dandalin Substack kuwa yana haɗa wasiƙa da shafi, abin da ka tura ta imel yana zama a shafi, kuma kashi 10 cikin ɗari yake ɗauka idan ka fara karɓar kuɗi. Rage hotuna saboda data, ka taƙaita wasiƙa, domin Gmail yana datse wadda ta wuce KB 102.

Ƙanwata ta kasa nata: bakwai ɗanye, uku kauɗa. Yanzu farashi yana tafiya ta imel duk safiyar Litinin zuwa ga masu abincin sayarwa da masu otel. Ukun nan ta ɗora a shafi, da gurbin sa adireshi a ƙasan kowanne. Na adana dankali shi ne ya fara kawo mata baƙuwa, wata mai gidan abinci daga Kubwa.