Yadda za ka kula da shukar Buxus ta tsallake hunturun Kanada

Idan Afrilu ya kama, dusar ƙanƙara ta janye daga ƙofar gidaje a Toronto da garuruwan da ke kewaye da ita, tun daga bakin titi za ka gane gidan sabon zuwa. 'Yan shukokin nan masu dunƙulallen kai da ya tarar kore shar ranar da ya karɓi makulli, yanzu gefe guda ya ƙone, ganyen ya bushe ƙayau, kana taɓawa yana zuba. Sunanta Buxus, a wurin masu sayar da fulawa kuwa boxwood za ka ga an rubuta. Ba ta kaɗe ganye duk shekara, shi ya sa ake son ta a gaban gida. Ka tambayi mai gidan me ya same ta, zai ce maka sanyi ne, ai ko mutum ya ji a jikinsa.

Galibi ƙishirwa ce. Itatuwan da suke kaɗe ganye a kaka sun huta, babu ta inda ruwa zai fita daga jikinsu. Ita kuwa Buxus da ganyenta take shiga hunturu, kuma duk ranar da rana ta haska ko iska ta kaɗa, ganyen yana sakin ruwa. Saiwarta ba ta nisa, kusa da saman ƙasa take bazuwa, wato daidai inda ƙasa ke fara daskarewa. Ruwa na fita ta sama, babu mai shigowa ta ƙasa. Wanda hunturun gida ya taɓa fasa wa leɓe da dunduniya ya san aikin busasshiyar iska, sai dai shi yana iya tashi ya sha ruwa ya shafa mai. Wannan ne dalilin da ya sa ƙunar ta fi fitowa a gefen kudu da yamma, inda rana da iska suka fi bugu.

Aikin tun watan Agusta yake farawa, kuma abin da ake so a lokacin shi ne ka janye hannu. Ka ajiye almakashi, ka ɗaure bakin buhun taki. Aski da taki duk suna sa ta fitar da sabon tofo, shi kuwa tofon da ya fito a Satumba ba ya samun lokacin yin ƙwari, sanyin farko zai dafa shi. Na san ido ba ya son ganin 'yan rassa sun yi tsaye sun ɓata mata siffa. Ka yi haƙuri da su har baɗi.

Sai ban ruwa, inda kusan kowa ke faɗuwa. Ga yadda abin yake faruwa. A watan Oktoba maƙwabci zai ja kunnenka ka rufe famfon waje daga ciki, ka tsiyaye tiyo ka naɗe, don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. Gaskiya ya faɗa maka. Amma daga ranar da aka naɗe tiyon nan ake mantawa da shuka, alhali ƙasa ba za ta daskare ba sai wajen ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Makonnin da ke tsakani su ne damarta ta ƙarshe ta shan ruwa, kuma su ake bari su wuce a banza. Wani zai ce ai ana ruwan sama a kaka. Je ka tsuguna ka duba. Mafi yawan Buxus a jikin bango ake jera ta, ƙarƙashin bakin rufi, inda ruwan sama ke tsallake ta ya sauka gaba. Ita kanta ganyenta a cunkushe yake, yayyafi ba ya ratsa shi. Sai ka ga ciyawar tsakar fili jagab, gindin shukar kuwa ƙura.

Ka nemo doguwar sukundireba ka soka a gindinta. In ta shige salin alin ta fito da danshi a jiki, ka bar ta sai wani mako. In ta ƙi shiga ko ta fito a bushe, ka ɗauko bokiti daga kicin. Abin da take buƙata kamar santimita 2.5 na ruwa ne a mako, har da wanda ya sauko daga sama. In kana son awo, ka ajiye gwangwanin kifi a kusa da ita ka riƙa leƙawa. Kada ka kwara bokitin gaba ɗaya, ruwan zai gangare ne ya tafi bakin hanya. Ka zuba rabi a kewayen gindin, daidai inda rassanta suka tsaya, ka jira ya nutse, sannan ka ƙara. Da safe ake yi, kuma a ƙasa, ban da kan ganye. Ni a wurina bokiti ya fi tiyo ma, don da shi ka san iya abin da ka ba ta. Sai dai a kula, in ƙasar gidan yumɓu ce mai riƙe ruwa, kamar yadda take a unguwanni da dama, kada a mai da gindin tabki, Buxus ba ta jure saiwarta ta kwana cikin ruwa. Haka za ka ci gaba mako-mako har ranar da sukundireba ta buga ƙasa ta ƙi shiga saboda ƙanƙara. Ranar ka gama.

Kafin wannan ranar, ka shimfiɗa mata niƙaƙƙen ɓawon itace a gindi, kaurin santimita 5 zuwa 7. Yana riƙe danshi, yana kuma jinkirta daskarewar ƙasa. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin itacen, in ba haka ba ɓawonta zai ruɓe, ɓeraye kuma su samu ɗaki su kwana suna gwaguyarta. In ba ka son kashe kuɗi, ganyen da ya kaɗe a filinka ya isa, amma ka bi ta kansa da injin yankan ciyawa ya daddatse tukuna, don faffaɗan ganye in ya jiƙe mannewa yake ya hana ruwa wucewa. Ganyen Buxus ɗin kanta da ya zuba, shi kam ka kwashe ka zubar, a cikinsa wata cuta da ke kama ta take ɓuya.

Tun da ka tsuguna, ka buɗa rassan da hannu ka leƙa ciki. Akwai wata tsutsa 'yar asalin gabashin Asiya da ta addabi Turai, aka kuma fara ganinta a Toronto a 2018. Ƙanananta suna kwana hunturu tsakanin ganye biyu da suka manne da farar yana. In ka gani, ka tsinke ka ƙulle a leda.

Yanzu maganar rufi. Ba kowace Buxus ke buƙatarsa ba. Irin su Green Velvet da Green Mountain, waɗanda gonar Sheridan ta nan lardin Ontario ta fitar, an yi su ne don wannan sanyin, in sun kafu kuma suna wurin da gini ya tare musu iska, ka ƙyale su. Wadda aka dasa bana ko bara, da wadda ke kusurwar da iska ke ratsawa, da ta bakin titi, su ne za ka kafa wa danga. Turaku huɗu da algarara, shi ke nan. Turakun tun farkon Nuwamba ake kafa su ƙasa na da laushi. Na sha ganin mutum a tsakiyar Disamba da guduma yana fama da ƙasar da ta zama dutse, katako na tsagewa a hannunsa. Algararar ce ake jira sai sanyi ya zauna sannan a ɗaura. Ka bar taƙi guda tsakaninta da ganye, don in ta jiƙe ta daskare a jikinsa ta yi ɓarnar da ake gudu. Sama a buɗe, iska da haske su shiga. In algararar ba ta isa zagaye ba, ka tare kudu da yamma.

Leda kuwa, ko baƙa ko fara, ko buhun shinkafa na roba, kada ka kusanto da ita. Da rana zafi zai taru a ciki, shukar ta ɗauka lokaci ya yi, da dare kuma sanyi ya sauko mata. Akwai wani ruwan feshi da ake sayarwa wai yana toshe ganye ya hana shi bushewa. Ni ba na saye. Kuɗinsa ya sayi algararar da za ta yi maka shekaru.

Dusar ƙanƙara mai laushi a gindinta alheri ce, ɗumi take riƙe wa saiwa. Mai nauyin nan mai ruwa-ruwa ita ke buɗe kan shuka ta karya rassa, don haka in shukar doguwa ce ka zagaye ta da igiya sako-sako daga ƙasa zuwa sama. In dusar ta taru a kanta, ka sa tsintsiya daga ƙasa ka ɗaga a hankali. In ruwan ƙanƙara ne ya daskare a jikin rassan, ka bar shi ya narke da kansa, girgizawa karya su take. Gishirin da ake watsawa a hanya don narkar da ƙanƙara shi ma yana ƙona ta, saboda haka ka lura da inda kake jefa abin da ka kwaso da shebur, kuma kusa da shuka ka watsa yashi maimakon gishiri.

Ta cikin tukunya ba ta kwana hunturu a waje, saiwarta ba ta da juriyar rassanta. Ka kai ta garejin da babu ɗumama, ko ka haƙa rami ka binne tukunyar har baki. Falo bai dace da ita ba. Ta gareji ka ɗan ba ta ruwa kamar sau ɗaya a wata.

Ƙarshen Maris ko farkon Afrilu ka kwance algarara, ranar da akwai gajimare, ka kwarara ruwa sosai a gefen titi ya wanke gishiri. Ganyen da ya koma ruwan lemo yawanci yana dawowa kore. Wanda ya zama kalar kara ya tafi, amma kada ka yi gaggawar yanka. Ka kankare ɓawon reshen da farce, in ka ga kore a ciki zai yi tofo. Ka jira ƙarshen Mayu, abin da bai motsa ba ka datse shi zuwa inda itacen yake da rai.