Yadda za ka haɗa injinan kashiya da yawa su riƙa aiki da databes ɗaya

Matsalar dai kullum iri ɗaya ce, shago ya bunƙasa an ƙaro injin kashiya na biyu da na uku, kowanne da nasa lissafin, sai dare ya yi a zo haɗa ciniki ka ga wannan yana cewa kaya saura 12 wancan yana cewa saura 7, ka je kan kanta ka ƙirga ka tarar guda 4 ne. Ko ka canza farashi a inji ɗaya ka manta da sauran, kwastoma ya biya kuɗi iri biyu a rana guda. Maganin shi ne bayanan duka su zauna a wuri ɗaya, su injinan aikinsu kawai su tambaya su kuma rubuta a can.

Bari in fara da abin da ba za ka yi ba, don shi mutane suka fi faɗawa. Kar ka ɗauki fayil ɗin databes, wato ma'ajiyar bayanan kaya da ciniki, irin na SQLite ko Access ka jefa a folda ka buɗe wa kowa ta netwok wai ka haɗa. Zai yi aiki kwana biyu ka ji daɗi, ranar da kashiya biyu suka danna biya a daƙiƙa ɗaya ko waya ta ɗan motsa ana tsaka da rubutu, shikenan fayil zai iya lalacewa. Abin da kake buƙata databes ne mai zaman kansa a matsayin saba, wato wanda sauran injinan ke tambaya yana ba su amsa, irin MySQL ko MariaDB ko PostgreSQL ko SQL Server, duba wanne manhajar cinikinka take karɓa, su an gina su ne don mutane da yawa su yi rubutu lokaci guda ba tare da sun taka juna ba.

To ka ware kwamfuta ɗaya ta zama saba. Ba sai mai tsada ba, amma ta kasance da SSD, wato faifan ajiya mai sauri, ka kashe mata barcin nan da take yi in an bar ta, ka sa mata UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kuma don Allah kar ta zama wadda yaran shago ke kallon bidiyo a kai. In injinan biyu ne kacal ɗaya zai iya zama saba, sai dai ka sani duk sanda aka kashe shi ɗayan ma ya tsaya.

Haɗin kuma ka yi da kebul, Cat5e ko Cat6 zuwa suwic ko rawuta, na'urar da ke haɗa kwamfutocin a netwok ɗaya, kar tsawon kowanne ya wuce mita 100. Wi-Fi yana yi amma ni ban yarda da shi a wajen karɓar kuɗi ba.

Nan ne wajen da nake so ka nutsu. Ka ba sabar lambar IP, wato adireshinta a netwok, tsayayya wadda ba ta canzawa, misali 192.168.1.10, ko ka saita a kwamfutar ko ka shiga rawuta ka keɓe mata lambar. Na taɓa yin sakaci da wannan wallahi, komai na tafiya lafiya har sati uku, aka ɗauke wuta rawuta ta sake tashi ta raba sabbin lambobi, saba ta koma .14 injinan kuma suna ta ƙwanƙwasa .10, ga layi har bakin ƙofa, na ɓata kusan awa ɗaya ina zargin manhaja alhali ba ruwanta.

Bayan ka girka databes ɗin sai ka buɗe masa ƙofa, don yawanci yana zuwa ne yana sauraron kwamfutar da yake kai kaɗai. A MySQL da MariaDB ka nemi layin bind-address a fayil ɗin saitinsa, in ka ga 127.0.0.1 ka mai da shi lambar sabar. A PostgreSQL listen_addresses ne cikin postgresql.conf, sannan ka ƙara layin netwok ɗinka a pg_hba.conf, in ba haka ba zai ƙi ka ko da kalmar sirri daidai ce. Sai fayawol, mai gadin da ke tare haɗi daga waje, ka buɗe fot, wato lambar ƙofar da databes ke saurare a kai, 3306 in MySQL ne, 5432 na PostgreSQL, 1433 na SQL Server, amma ga netwok na cikin shago kawai, kar ka kuskura ka buɗe shi ga intanet.

Kowane inji ka yi masa asusunsa da kalmar sirrinsa, kashiya1, kashiya2 haka, kar ka ba su root, babban asusun da ke da iko a kan komai. Daga nan ka je kan injin ka buga umarnin ping 192.168.1.10 don ka ga ko yana ganin sabar, in ta amsa sai ka shiga saitin manhajar, inda aka rubuta localhost ka goge ka sa lambar sabar da fot da sunan databes. Duk injinan su zama suna kan sigar manhaja ɗaya, kowanne da sunansa daban don lambobin rasit kar su yi karo kuma ka san wa ya sayar da me, agogonsu ma ya zama ɗaya, in ba haka ba rahoton rufe ciniki zai rikita ka.

In dama kowane inji yana da tsohon lissafinsa, kar ka tsaya haɗa su, ciwon kai ne. Zaɓi wanda jerin kayansa ya fi tsafta ka ɗora shi a saba, ka ajiye kwafin sauran, ka rufe shago ka ƙirga kaya da hannu ka shigar da adadin gaskiya.

Gwaji kuwa kafin a buɗe shago ake yi. Sayar da abu ɗaya a inji na 1 ka leƙa na 2 ka ga ko ya ragu, sannan ku biyu ku danna sayar da kaya iri ɗaya a tare, daga nan ka zare kebul ɗin inji ɗaya ka ga me zai yi, wasu manhajojin suna riƙe ciniki su tura daga baya, wasu kuma tsayawa suke cak, gara ka sani tun yanzu ka tanadi littafin rasit na hannu.

Tunda yanzu komai naka yana kan kwamfuta ɗaya, ka saita mysqldump in MySQL ne ko pg_dump in PostgreSQL ne ya riƙa ɗaukar kwafin databes kowane dare zuwa wani faifai daban, wani kwafin kuma a wajen shagon. Lokaci-lokaci ka ɗauko kwafin ka gwada dawo da shi a wata kwamfuta, ka buɗe ka duba ko cinikin jiya yana ciki.