Kafin Ka Miƙa wa Ɗan Haya Makulli

Gidan haya na farko da na mallaka a Kubwa ta Abuja yake, ɗaki biyu da falo. Da na samu ɗan haya, musabaha kawai muka yi, ya ƙirgo kuɗin shekara, na ba shi makulli. Shekara ta zagayo, mutumina ya daina ɗaga waya. Raina ya ɓaci, har na kira kafinta ya zo mu cire ƙofa. Yayana, wanda ya daɗe yana aiki a ofishin lauyoyi, shi ya tare ni a waya: "Ƙanena, gida naka ne, amma zama nasa ne har sai kotu ta ce ya fita. Ka taɓa ƙofar nan, kai za ka biya shi diyya." Na sallami kafinta da kuɗin mota.

To, fara da takarda. A rubuta yarjejeniya: sunanku, nawa ne kuɗin haya, ranar farawa da ranar ƙarewa, wa zai gyara me, mutum nawa za su zauna, ko an yarda ya sa wani a ɗaki. Ku sa hannu gaban shaidu, a biya harajin hatimi a buga mata. Idan hayar za ta wuce shekara 3, wannan kam kai wa lauya, domin tana buƙatar rajista. Duk kuɗin da ka karɓa ka yanka rasit mai kwanan wata da lokacin da kuɗin ya ɗauka. Alat ɗin banki ba ya cewa kuɗin wace shekara ne.

Inda sababbin masu gida suka fi faɗuwa shi ne notis, wato takardar sanar da ɗan haya ya tashi. A Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan shekara kuwa wata 6 cur. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai ka sake ba shi wata takardar ta kwana 7, kana sanar da shi za ka kai ƙara. Bayan nan ne kotu. Ko ka yi nasara, ma'aikatan kotu ne ke fitar da kaya, ba kai da yaran unguwa ba. Yanke wuta, toshe ruwa, yaye kwanon rufi, sauya kwaɗo, duk ɗaukar doka a hannu ne. Kuma ka ƙirga kwanakin da kyau. Notis ɗin da ya gaza da 'yan kwanaki yana iya sa alƙali ya kori ƙarar, ka koma farko.

Kowace jiha da tata dokar. Mararaba tana manne da Abuja, amma dokar Nasarawa ke aiki a can. A Legas kuwa, dokar haya ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni. Saboda haka kada ka ari takardar abokinka na wata jiha ka sauya suna kawai.

Batun gyara, ni ga yadda nake rubutawa: rufi, bango, sokawe da manyan wayoyin wuta nawa ne, ƙwan fitila, kan famfo da abin da ya fasa da hannunsa nasa ne. Ranar shiga ina ɗaukar hoton kowane ɗaki da lambar mita, mu biyu muna tsaye. Bashin wutar tsohon ɗan haya ina share shi kafin sabo ya shigo. Idan zan duba gida, sai na sanar kwana ɗaya ko biyu kafin in je, musamman gidan da akwai iyali.

Kuɗin haya kuɗin shiga ne, akwai haraji a kansa, akwai kuma kuɗin ƙasa na shekara-shekara da za ka biya idan kana da satifiket ɗin mallakar fili.

Shi kuwa mutumina, da lauya ya kai masa notis a rubuce, sai ga shi da dattijon unguwa da rabin kuɗin a leda. Ragowar muka raba wata huɗu, a rubuce wannan karon.