Niƙan Itacen Turaren Wuta: Inda Masu Koyo Ke Ƙona Jarinsu

Tun da kaskon lantarki ya shiga ɗakunan amare a Gusau, ƙorafin da ake kawo mana, mu masu haɗa turaren wuta, ya sauya. A da cewa ake yi turare bai kama ɗaki ba. Yanzu kuwa sai a ce yana ƙauri, ko ya tashi minti biyu ya mutu, ko ya bar baƙin danƙo a farantin kasko. Nan da nan yarinya mai koyo za ta ɗora laifin a kan madarar turare, ta ruga ta sayo mai tsada, alhali ɓarnar tun ranar niƙa aka yi ta. Bakina ya gaji da maimaita wannan ga masu zuwa koyo.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne niƙe itace ya yi laushi luƙui, wai don ya fi shan turare. Ƙamshin sandal ko hawi wani mai ne da ke cikin itacen, kuma ta bayan kowace ƙwayar niƙaƙƙen itacen yake fita idan zafi ya taɓa ta. Duk lokacin da kika rage girman ƙwaya da rabi, fuskar da zafi ke taɓawa a awo ɗaya ta ninka biyu. Daga milimita 2 zuwa kwatan milimita, ninki 8 ke nan. Ƙamshin da ya kamata ya riƙa fita a hankali sai ya tashi gaba ɗaya. Ga shi gari mai laushi yana manne wa juna, ba ya barin kafar da iska za ta ratsa: na ƙasa ya ƙone a kan faranti, na sama ko ɗumi bai ji ba. Sukarin da muke soyawa da shi ma yana fara yin ja a wajen digiri 160, yana wuce 180 da kaɗan sai baƙi da ɗaci. Ƙaurin da ake kuka da shi ke nan.

Wannan ya taɓa cinye mini kuɗin kayan jeren amarya sukutum. Na aika itace wurin wani mai inji, na jaddada cewa ɓarzawa kawai nake so. Shi kuwa yadda ya ɗaure injinsa don garin tuwo, haka ya zuba. Da na isa, tun daga bakin layi nake jin sandal, mutane suna ta cewa ƙamshi, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi, don na san jarina ne ke bin iska. Na sa hannu a buhun, garin da zafi rau. Na ce, "Haba Malam, haka muka yi da kai?" Ya ce, "Hajiya, ai na ga kamar mai laushi ya fi kyau." Uwar amarya ta dawo da kwalabe, na mayar mata da kuɗinta, har yau ba ta sake taka ƙofata ba. Tun daga nan turmi da taɓarya nake sa wa itace mai tsada, kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya. Wasu na amfani da na'urar markaɗe ta gida, ban hana ba, amma a riƙa kunnawa ana kashewa kada kaya su ɗau zafi.

Na biyu, rashin tankaɗe. Ku 'yan mata, me rariya ta yi muku? Ku daka, ku kwashe, ku zuba a tukunya da tsakinsa da garinsa da ɓaraguzansa. Garin zai shanye madarar turare, manyan su tashi a bushe. Sannan ki cika kwalba ki ba direba zuwa Kaura Namoda ko Talata Mafara. Girgizar hanya kaɗai ta isa ta sa ƙanana su gangara ƙasa ta tsakanin manya, manyan su taso sama. Mai saye ta ɗebi cokalin farko ta ji ba ƙarfi, ta kai ƙasan kwalba ta ji ƙauri, sai ta ce kin yi mata algus. Ba ta yi ƙarya ba a ganinta, turare biyu kika sayar mata a kwalba ɗaya.

Ni rariya biyu nake ajiyewa. Lambar da ake rubuta wa rariyar ƙarfe tana nufin yawan huda a inci ɗaya: mai lamba 10 hudarta milimita 2 ce, mai lamba 30 kuwa wajen 0.6. Abin da ya ƙi wuce ta farko na garwashi ne, don garwashi yana haura digiri 600, sai itace mai jiki ke jure masa. Abin da ya wuce ta farko ya tsaya a ta biyu, kusan girman gero zuwa riɗi, shi nake ware wa kaskon lantarki, wanda gasawa yake yi a hankali. Garin da ya zube ƙasa kuma ba na zubarwa, da ƙaro nake kwaɓa shi in yi na dunƙule. Wata ƙawata ta fi son nata ya ɗara haka girma, kuma kayanta na tafiya, amma ni a nan hannuna ya zauna.

Kada a raina wannan lissafi. Kamfanin da ya fito da IQOS a Japan a 2014, na'urar da ke gasa taba ba ta wuce digiri 350, sai da ya niƙe ganyen ya sake mulmula shi ya zama falle don zafi ya ratsa daidai. Ba tallar taba nake yi ba, Allah ya kiyashe mu da ita, so nake ku ga har masu manyan injuna girman ƙwaya suke fara tsarawa.

Sauran ƙanana ne. Kada ki daka kajiji da itace a turmi ɗaya lokaci ɗaya, taurinsu ba ɗaya ba ne. Turmin da ya taɓa ganin barkono ko daddawa ya fita daga wannan sana'a. A watan Agusta ki shanya itace a inuwa ya bushe ƙayau kafin daka, in ba haka ba zare-zare zai yi ya toshe rariya. Da hunturu kuma ki rufe hanci da ƙyalle, ƙurar itace tana shaƙe ƙirji. In za ki gwada, rabin ƙaramin cokali ki baza a faranti, kada ki tula, kuma ki gwada a irin kaskon da mai saye take da shi a ɗakinta.